NAT Type 3 a PS5 da rauta mai sim: na buɗe ƙofofi amma bai canza ba

Abba_Gem

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin harkar netwok, a taimaka min.

Ga yadda haɗin gidan yake. Akwai rauta 4G mai sim, Huawei B315, a falo kusa da taga. Daga ita an ja kebul zuwa TP-Link Archer C6 da ke ɗakina, an soka shi a ramin WAN. PS5 ɗina tana kan Wi-Fi na TP-Link ɗin. Idan na yi "Test Internet Connection" saukewa tana kai 18 Mbps, ɗorawa 6 Mbps, amma NAT kullum Type 3 ne, wato mafi tsanani cikin nau'ukan uku.

A gem ɗin ƙwallo na FC 25 nakan samu wasa da baƙi, ko da yake neman yana daɗewa. Gayyatar aboki kuwa ba ta shiga sam, hirar murya ma sai ta riƙa yankewa. Da daddare kuma ɗan wasa sai ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle gaba.

Abin da na riga na yi: a TP-Link na buɗe ƙofofin TCP 80, 443, 3478, 3479, 3480 da UDP 3478, 3479, 3659. Na kunna UPnP, mai barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa a rauta. Na sa DNS 8.8.8.8, na mayar da MTU, wato iyakar girman kowane saƙo, 1473 kamar yadda ake cewa a bidiyoyi. Babu abin da ya canza. Me ya rage?

Injiniya_Kebul

Wa alaikumus salam, Malam Abba. Lambobin da ka buɗe daidai ne. Matsalar ita ce ƙofar ɗaki ka buɗe, alhali ta zaure a garƙame take, wataƙila ma har da ta unguwa.

Aikin NAT shi ne ya fitar da duk na'urorin gida da adireshi guda. Rauta tana riƙe da lissafin wanda ya aika saƙo da inda ya aika shi, don idan amsa ta dawo ta san wa za ta miƙa wa. Saƙon da ya taho daga waje ba tare da wani na ciki ya nema ba, jefar da shi take yi. Kallon bidiyo ba ya jin wannan, domin kai ne kullum mai nema. Wasan da ke bi ta sabar kamfani ma haka, shi ya sa kake samun wasa da baƙi. Amma inda na'urarka da ta abokinka za su yi magana kai tsaye, dole ɗaya ya iya ƙwanƙwasa wa ɗaya, kuma nan Type 3 yake tsaya maka.

A haɗinka NAT biyu ne a cikin gida: Huawei tana raba adireshi masu 192.168.8, TP-Link kuma tana sake raba nata masu 192.168.0. Duk abin da ka buɗe a TP-Link bai wuce kebul ɗin da ke tsakaninsu ba. Wannan mai sauƙin gyara ne. Wataƙila kuma akwai NAT na uku a wajen kamfanin layin, shi ne abin dubawa tun kafin ka sake taɓa komai.

Haɗa waya ko kwamfuta da Wi-Fi na Huawei, ka buɗe 192.168.8.1, ka shiga "Settings", sai "System", sai "Device Information". Nemi layin "WAN IP Address" ka rubuta lambar. Sannan, kana kan wannan Wi-Fi ɗin, kuma babu VPN a kunne, ka rubuta "what is my ip" a Google ka kwatanta su biyun.

Idan lambobin iri ɗaya ne, kana da adireshin fili, kuma komai zai gyaru a hannunka. Idan sun bambanta, kuma na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko tsakanin 172.16 da 172.31, to kana bayan CGNAT. Wato kamfanin layin ma yana da tasa babbar rautar da ke cusa kwastomomi da yawa a adireshi guda. Ba mugunta ba ce, ƙaranci ne: adireshin IPv4 duka-duka biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbun da ake rabawa daga ciki ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. An ware jerin 100.64 ɗin a 2012 musamman saboda wannan aiki. Kusan duk layin sim haka yake.

Kawo mana lambobi biyun farko kawai na kowanne, kada ka saka adireshin gaba ɗaya a nan.

Abba_Gem

Na duba, Injiniya. Na rautar ya fara da 10.47, na Google kuma 102.89. Ke nan shi ke nan, babu gyara?

Injiniya_Kebul

CGNAT ne, babu shakka. Ma'anarsa "Virtual Server" da "Port Forwarding" ba za su taɓa buɗe maka hanya daga waje ba, ko ka cika shafin da lambobi. Amma ba a yanke ƙauna daga Type 2 ba tukuna, domin ba duk NAT ne iri ɗaya ba.

Akwai wanda ake kira "Cone". Shi idan PS5 ta fita ta wata ƙofa, lambar ƙofar da aka ba ta a waje ita ce dai ko da wa take magana. Sabar PlayStation sai ta ga lambar, ta gaya wa na'urar abokinka, kowannensu ya aika wa ɗan'uwansa saƙo a lokaci guda, hanya ta buɗe. Akwai kuma "Symmetric", wanda ke canza lambar duk sanda aka juya ga wani sabon adireshi. Lambar da saba ta gani ba ita ce abokinka zai tarar ba, sai ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Idan ko ɗaya daga cikin NAT ukun nan "Symmetric" ne, Type 3 za ka gani. Biyu suna hannunka, sai a fara cire su daga zargi.

Da farko mayar da TP-Link ta zama mai watsa Wi-Fi kawai. Shiga 192.168.0.1, "Advanced", "Operation Mode", ka zaɓi "Access Point", za ta kashe kanta ta tashi. Ga masu wata rautar da ba ta da wannan zaɓi: a kashe "DHCP Server", wato mai raba wa na'urori adireshi, a canza adireshinta na LAN zuwa 192.168.8.2, sannan a cire kebul daga ramin WAN a mayar da shi ɗaya daga ramukan LAN. A bi wannan jerin yadda yake. Wanda ya mayar da kebul kafin ya kashe DHCP zai samu rauta biyu suna rabon adireshi a gida ɗaya, wasu wayoyin su hau intanet wasu su ƙi.

Na biyu, ba PS5 adireshin da ba ya canzawa. Huawei tana rabo ne daga 192.168.8.100 zuwa 192.168.8.200, don haka zaɓi wanda ke wajen wannan jeri. A PS5: "Settings", "Network", "Settings", "Set Up Internet Connection", ka danna sunan haɗin, "Advanced Settings", ka mayar da "IP Address Settings" zuwa "Manual". Adireshi 192.168.8.50, "Subnet Mask" 255.255.255.0, "Default Gateway" 192.168.8.1. DNS ka bar 8.8.8.8 da 8.8.4.4 ɗin, ba sa cutarwa. Amfanin wannan mataki yana fitowa ne ranar da aka ɗauke wuta: komai ya tashi lokaci guda, wayar wani ta riga PS5 karɓar tsohon adireshinta, duk saitin da ka yi ya koma kan wayar.

Na uku, a Huawei shiga "Settings", "Security", "NAT Settings". Za ka ga zaɓi biyu, "Cone" da "Symmetric". Sa shi a "Cone". A wannan sashen dai akwai "DMZ Settings", mai tura duk saƙon da ya taho daga waje zuwa na'ura guda: kunna, ka rubuta 192.168.8.50. Idan ka yi DMZ, goge duk abin da ke "Virtual Server", domin dokoki biyu a kan ƙofa ɗaya rikici suke kawowa.

Daga nan kashe PS5 gaba ɗaya, ba "Rest Mode" ba. Cire wutar rautocin biyu na minti ɗaya, kunna Huawei, jira fitilar sabis ta tsaya, kunna TP-Link, sannan PS5, ka sake gwaji. Idan ya ba da Type 2, an gama. Idan har yanzu Type 3 ne, na kamfanin ne "Symmetric", kuma babu wani maɓalli a gidanka da zai taɓa shi.

DMZ don na'urar gem kawai ake yi. Kada a sa kwamfuta ko na'urar kyamarorin tsaro a ciki. Kuma tunda ka shiga, canza kalmar sirrin "admin" ɗin nan.

Maman_Fayiba

Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Ina da ƙari ɗaya da gyara ɗaya.

Ƙarin: Malam Abba, cuta biyu ka haɗa a tambaya guda. Ƙin shigar gayyata da yankewar murya na NAT ne. Ɗan wasa ya tsaya cak ya yi tsalle kuwa ba ruwan NAT, ko Type 1 gare ka zai iya faruwa. Wannan rawar jinkiri ce da ɓatan saƙonni a hanya. Kuma 18 Mbps ɗin da kake gani ba ta ba da labarin komai a kai, domin wasan kansa bai cika cin ko 1 Mbps ba. Abin da yake so shi ne kowane ƙaramin saƙo ya isa a kan kari.

Ga gwajin da zai nuna inda ciwon yake. A kwamfuta mai Windows da ke kan Wi-Fi ɗin ɗakinka, buɗe "cmd" sau biyu. A ɗaya rubuta ping -t 192.168.8.1, a ɗayar ping -t 8.8.8.8. Bar su su yi minti biyar a daidai lokacin da wasan ke sarƙewa.

Na farkon yana auna cikin gida ne kawai. A kebul bai kamata ya wuce milisakan 1 ko 2 ba, a Wi-Fi mai lafiya ƙasa da 10. Idan kana ganin yana tsalle zuwa 80 ko 200, ko "Request timed out", Wi-Fi ne mai laifi. Maganinsa kebul Cat5e ko Cat6 daga TP-Link zuwa PS5, tunda ɗaki ɗaya suke mita biyu ko uku ya isa. In kebul ba zai yiwu ba, sa PS5 a 5 GHz. Zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11, kuma duk maƙwabta da wayoyin da aka kunna wa hotspot a kansu suke turereniya.

Idan na farkon yana zaune lafiya, na biyun ne ke rawa, to ko sabis ne ko cunkoso. Don ganin sabis, kada ka dogara da sandunan da ke jikin rauta. Bayan ka shiga shafin Huawei, buɗe 192.168.8.1/api/device/signal, za ka ga rsrp, ƙarfin sigina, da sinr, tsabtarta. RSRP daga -90 zuwa sama, kamar -85 ko -78, yana da kyau. Idan ya gangara ƙasa da -100 ya yi rauni. SINR ya fi muhimmanci ga gem: 13 zuwa sama madalla, ƙasa da 5 kuwa saƙonni za su riƙa lalacewa ana sake aika su, kuma wannan sake aikawar ita ce tsayawar da kake gani. Matsar da rautar daga wannan taga zuwa waccan, ɗaga ta sama, kana sabunta shafin kana kallon lambar. Kwanon rufi da ginin siminti suna cin sigina sosai. B315 tana da ramukan eriya biyu na SMA a bayanta, ƙarƙashin murfi, idan abin ya kai ga sa eriyar waje. A taƙaita tsawon igiyar eriyar, domin doguwar igiya mai araha tana cinye abin da eriyar ta samo.

Idan lambobin sigina suna da kyau da rana da dare, amma jinkirin sai bayan isha'i, turken sabis ɗin unguwar ne ya cika. Babu saitin da ke gyara wannan, sai dai wani layin.

Saura cunkoson cikin gida, wanda aka fi mantawa da shi. Kana kallon ping na biyu, sa wani ya tura dogon bidiyo a WhatsApp. Idan ya tashi daga 50 zuwa 400 ko fiye, ɗorawar ce ta cika layin, saƙonnin gem suna bin sahu a bayan bidiyo. Ajiyar hotuna ta Google Photos da ta iCloud ma haka suke yi a ɓoye.

Nan gyaran yake shigowa. Idan aka mayar da TP-Link "Access Point", sashen QoS nata, mai ba wasu na'urori fifiko a layi, ya tafi, kuma B315 ba ta da abin kirki a wannan fanni. Ga gida mai mutane da yawa na fi son a juya tsarin: a bar TP-Link a matsayin rauta, a ba ramin WAN nata adireshi tsayayye 192.168.8.2, a sa wannan adireshin a DMZ na Huawei, a kashe Wi-Fi na Huawei don kowa ya bi ta TP-Link. Sannan a TP-Link a ware wa PS5 adireshi a "Address Reservation", a sa ta a DMZ na can, a kunna QoS, a rubuta kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na gudun da ka auna da daddare, ba na safe ba. Idan ɗorawarka 6 ce, rubuta 5. Ana rage gudu da gangan ne don sahun ya taru a rautar da kake iya ba umarni, ba a cikin modem ba. NAT biyu suna nan a takarda, amma na farkon ya zama ƙofa a buɗe.

MTU kuwa, mayar da shi "Automatic". Lambar 1473 ba ta da wata albarka. In kana son sanin na layinka na gaskiya, rubuta ping -f -l 1472 8.8.8.8. Idan ya ce "Packet needs to be fragmented", rage goma-goma har ya wuce, sannan ka hau ɗaya-ɗaya ka samu mafi girman da ke wucewa, ka ƙara masa 28. Wannan shi ne MTU. DNS ma neman adireshi kawai yake yi kafin a haɗu; da zarar an take ƙwallo ba shi da sauran aiki.

Injiniya_Kebul

Gaskiyarki, Hajiya, a kan QoS. Sai dai ya fara da "Access Point" ɗin don gwaji, saboda a cire TP-Link daga lissafi a ga ainihin halin layin. In ya samu Type 2 a haka, ya koma tsarinki ya sake gwadawa. A tsarin naki kada ya dogara da UPnP, wasu rautocin ba sa yin sa daidai idan suka ga ramin WAN nasu yana ɗauke da adireshin cikin gida.

Abba_Gem

Allah ya saka da alheri. Na yi duka. Da sim ɗin da nake amfani da shi Type 3 ne har yanzu. Na sa sim na wani kamfanin a rautar, ban taɓa komai ba, ya ba ni Type 2 kuma gayyata ta shiga. Sai dai SINR ɗinsa 4 ne, na farkon 16. Kebul ya rage tsayawar sosai. Akwai hanyar da zan zauna a layin farko in samu Type 2?

Sadauki_MikroTik

Gwajin sim biyun nan ya raba gardama, ɗan'uwa: gidanka ya gyaru, saura na kamfani.

Hanya mafi tsabta ita ce ka nemi adireshin fili. Ka tambayi sashen 'yan kasuwa na kamfanin, ba masu amsa kiran yau da kullum ba, ka ce kana son "public IP". A layin sim yakan zo da APN, sunan mashigar intanet na layin, na daban da za ka rubuta a "Profile Management", kuma da kuɗinsa. Ba sai tsayayye ba, mai canzawa ma ya isa gem. Idan fayiba ta iso layinku, yi wannan tambayar kafin ka biya kuɗin haɗi, domin masu fayiba da yawa su ma CGNAT suke yi. Starlink ma a tsarinta na gida haka take, kada a saya da zaton za ta magance NAT.

Ta biyu, rami zuwa sabar haya. Ka kama ƙaramar VPS mai adireshin IPv4 nata na kanta, ka ɗora mata WireGuard, manhajar VPN mai haƙa ramin, ka sa rautar da ta iya shi a gida, irin GL.iNet ko MikroTik mai RouterOS 7, tunda PS5 ba ta da manhajar VPN. Rautar gida ce ke fita ta samu sabar a UDP 51820, don haka CGNAT ba ya hana ta. A sabar sai ka tura ƙofofin UDP da ke shigowa zuwa cikin ramin har su kai PS5. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Ɗaya, rashin sa PersistentKeepalive = 25; ba tare da shi ba NAT ɗin kamfani yana manta ramin idan ya yi shiru, hanyar dawowa ta toshe. Biyu, MTU: WireGuard yana farawa da 1420, a kan 4G sau da yawa sai an sauke shi zuwa 1380 ko ƙasa, in ba haka ba gwaji zai ce lafiya amma shagon PlayStation ya ƙi buɗewa.

Inda sabar take shi ne komai. Haske a cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan guda. Igiyar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan tun ba a sa tafiyar Kano zuwa Legas da jinkirin 4G ba. Idan abokin wasanka yana Kaduna, sabarka tana Landan, kowane bugun ƙwallo sai ya je Turai ya dawo. Ka samu Type 2, ka rasa wasan. Nemi mai masauki a Legas. Manhajojin VPN na kyauta kuwa ba su da amfani a nan, su ma jama'a suke tarawa a adireshi guda.

Ni a ganina, kafin duk wannan, gwada gyara siginar layi na biyun. SINR 4 yakan tashi da sauya wuri ko eriyar waje mai fuskantar turke, kuma sau ɗaya za ka kashe kuɗin, ba duk wata ba. Ka zagaya gidan da rautar da doguwar wayar wuta, ka tsaya minti ɗaya a kowace taga. In ya haura 10, ka bar wannan sim ɗin ga PS5 ita kaɗai, mutanen gida su zauna a na farkon. Cunkoson WhatsApp ma ya fita daga hanyarka ke nan.

Kafin nan, ka sani mai Type 3 yana haɗuwa da mai Type 1 ba wahala, da mai Type 2 wani lokaci, da ɗan'uwansa Type 3 kusan ba ya yiwuwa. Tambayi abokin naka nasa nawa ne. In shi ma sim yake amfani da shi, tura masa matakan "Cone" da DMZ ɗin nan.

Maman_Fayiba

Ƙaramin abu: duk sanda rauta ta mutu ta tashi, layin yana ba ta sabon adireshi, wasan da kake ciki ya yanke ko da PS5 tana kan inbata. B315 tana cin 12V ne, ƙaramin UPS na rauta mai fitar da 12V zai riƙe ta tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Duba rubutun jikin cajar kowace rauta kafin ka saya, ƙarfin wutar da girman bakin filogin su dace, kuma TP-Link ma a sa ta a kai, tunda kebul ɗin PS5 ta cikinta yake bi.